Sai Amurka Ta Ɗaga Kai Za Mu Dubi Sama?

Mu masu sha'awar kallon sama mun daɗe muna shan dariya a Dutse. Ka ce ka ga wani haske yana tafiya cikin dare, a ce aljanu ne, ko a tambaye ka me ka sha. Amma da majalisar dokokin Amurka ta zauna a Yulin 2023 tana sauraron tsofaffin sojoji kan UFO, sai masu dariyar suka koma tura bidiyon a WhatsApp.

Ba mu ce baƙin wata duniya na shawagi a Jigawa ba. Amma sama takan jefo abu, har a ƙasarmu. A 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta Katsina, bincike ya tabbatar daga duniyar Mars yake. A 2002 wani ya faɗo a Kilabo, yankin Haɗeja. Yau gutsattsarinsu na hannun masu tarawa a Turai da Amurka.

Idan yaro ya tambaya, mu daina toshe masa baki da aljani. Mu koya masa bambanta tauraron ɗan'adam da dutsen sama, kafin na gaba ya faɗo gonarmu, a saye shi da kuɗin goro.