"Manni" ko "riƙo": kalma ɗaya a kan ƙarin ƙwaƙwalwa

Bahaushen Hasahisa, a gaɓar Shuɗin Nilu, ya san "saraɗan" na Larabci, ya san "ciwon daji" na kakanninsa. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne dalilin da ya sa ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma yake komowa bayan likita ya yi fiɗa, ya ce ya cire shi. Inda bayani ya gaza, nan zargi yake shiga: wani ya ce sakacin likita ne, wani ya ce sammu ne.

Amsar tana jikin ƙwayoyin halitta. A bayan kowace ƙwaya akwai sinadarai, irin su kadarin da intagirin da CD44, waɗanda suke haɗa ta da maƙwabtanta da kuma abin da yake kewaye da ita. Mai fassara zai yi saurin kiransu "sinadaran manni", kuma a nan ne kuskuren yake. Manni yana sa mai sauraro ya tuna gam, wato abin da yake hana motsi. Alhali ƙwayar wannan ƙari da su take tafiya: ta kama gaba, ta saki baya, ta ja jiki, tamkar mai hawan giginya. Tun a 1938 Hans Scherer ya bayyana yadda take bin jijiyoyin jini da zaruruwan ƙwaƙwalwa. Kafin wuƙa ta isa, wasu ƙwayoyin sun riga sun yi nisa cikin lafiyayyen nama. "Sinadaran riƙo" ya fi dacewa, domin riƙo yana tafiya da saki.

Sanin haka bai samar da waraka ba tukuna. Maganin silenjitayid, da aka yi domin toshe intagirin, ya gaza a babban gwajin da aka wallafa sakamakonsa a 2014, kuma ko an haɗa fiɗa da gashi da ƙwayar temozolomayid, matsakaicin abin da majiyyaci yake ƙarawa bai wuce wata 15 ba.

Cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira tana Wad Madani, birnin da yaƙi ya ci a Disambar 2023. Iyalin da za su sayar da tumaki ko buhunan dawa domin neman magani a can, ko a Masar, sun cancanci a faɗa musu da harshensu, tun kafin su ɗaura kaya, cewa fiɗa tana rage ƙarin, tana sauƙaƙa ciwon kai, amma ba ta kamo ƙwayoyin da suka riga suka tafi.