Injin burodi a Sarkin Yamma: mu buga lissafi kafin mu biya

Masu tallar injin gasa burodi na gida alkawari uku suke yi: burodin alkama da dusarta mai amfani ga jiki, sauƙin aiki, da ragin kashe kuɗi. A Japan aka fara sayar da irin wannan inji a 1986, don ƙananan gidaje masu wutar da ba ta yankewa. Mu da ke Sarkin Yamma, a yankin Madarunfa, sai mu auna alkawarin da aljihunmu.

Mu fara da farashi. Inji matsakaici a Turai yana kai wa Yuro 100. Canjin sefa da Yuro a tsaye yake, sefa 655.957 kan Yuro ɗaya, wato kusan jaka 66 ke nan, kafin kuɗin mota da na duwan. Mu ƙaddara kowane gashi ya rage maka sefa 100 a kan abin da za ka ba mai burodi. Sai ka gasa sau 656 kafin uwar kuɗi ta dawo. In kullum sau ɗaya ne, shekara ɗaya da wata goma ke nan, ba fashi, ba gyara.

Nawa yake fitarwa? Rabin kilo na gari yana ba da burodi mai nauyin kamar giram 750, kuma na alkama da dusa yana cin awa uku zuwa huɗu a cikin injin. A gida mai mutum 10, kowa giram 75 zai samu. Wannan ba ya kai ɗan makaranta azahar. In ana so a ƙoshi, sai a yi zubi biyu, awa takwas.

A wajen wuta lissafin ya fi yin nauyi. Injin yana jan wat 500 zuwa 700 lokacin gashi, jimillar gashi ɗaya kuma wajen kilowat-awa 0.4. Ga mai layin kamfanin wuta na NIGELEC kuɗin kaɗan ne. Matsalar ita ce yankewa. Yawancin injinan nan mintoci kaɗan suke riƙe aikinsu in wuta ta tafi. Bayan haka ƙullu ya tsaya a tsakiya, gari da yis da mai sun tafi a banza. Wutar Maraɗi daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kuma mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, da aka katse ta har watanni bakwai. Mai hasken rana ma ya duba batirinsa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar kilowat-awa 1.2, rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe. Gashi ɗaya zai kwashe kashi biyu cikin uku na wannan rabin, fitila da fanka da cajin waya su raba sauran. To, a tada gurup? Ƙarami yana shan kusan rabin lita a awa. Awa huɗu, lita biyu. A farashin sefa 499 kan lita da gwamnati ta sa a Yulin 2024, jaka guda ta tafi a mai kaɗai. Ragin sefa 100 da muka ƙaddara ya koma asarar 900.

Sai gari. Gero da dawa muke nomawa, kuma ba su da danƙon da ke sa ƙullu ya tashi. Ana iya haɗa su da alkama, amma in sun wuce kamar kashi ɗaya cikin huɗu, burodin yakan fito a danne. Saboda haka alkama dole a saye ta, a kai ta injin niƙa. Garin da ba a cire wa dusa ba yana da mai a jikinsa, yana saurin yin ɗoyi a zafin Afirilu da Mayu, ba a niƙa da yawa a ajiye. Kowane zuwa niƙa kuɗi ne.

Akwai kuma abin da mai talla ba ya faɗa. Cokalin da ke murza ƙullu da bel ɗin da ke juya shi suna cinyewa, kwanon ma rufinsa yana ɓarewa. Nemo madadinsu tafiya ce zuwa Maraɗi, wataƙila har Kano. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da inji daga Amurka ya karanta jikinsa tukuna: nasu bolt 120 ne, namu 220, sai an ƙara sayen taransifoma.

Amfanin dusar alkama ga jiki gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ba inji ke kawo shi ba. Garin nan shi ake yin funkaso da shi, shi ake manna wa a tanderu a fitar da gurasa, kuma tanderun ƙasa ba ya jiran NIGELEC.

Ma'aikacin da ke cikin birnin Maraɗi, mai iyali uku ko huɗu da batir babba, zai iya cin moriyar injin. Magidancin Sarkin Yamma mai jaka 66 a hannu ya sayi alkama da su, ya sa a gina masa tanderu.