Yaro ya shiga zauren mawaƙa, littafin waƙa ya daina cika

 

Makon nan zan ajiye maganar girki da rainon ƙanana, in kawo miki wata magana daga cikin gidana, don na tabbata ba ni kaɗai ba ce. In kina da saurayi ko budurwa a gida mai son rera waƙa, ko mai ɗan danna fiyano, to, gyara zama.

Babban ɗana shekararsa 17, yana ajin ƙarshe a sakandare. Tun yana aji biyu yake rubuta waƙa a bayan littafin lissafi. Da na gaji da faɗa sai na sayo masa littafi mai kaurin bango a kasuwar Tudun Wada, na ce ga naka nan, ka ƙyale na makaranta. Daga baya kawunsa ya kawo masa wata 'yar tsohuwar fiyano da ya samo gwanjo a Sabon Gari. Mahaifinsa ya kafa sharaɗi uku: ba batsa, ba wasa da salla, karatu ne gaba. A haka muka zauna lafiya. Ya yi wa kakarsa waƙa, ya yi wa Zazzau, ya yi wa unguwarmu Hanwa wata mai ban dariya kan 'yan acaɓan Kwangila, a bikin ƙanwata kuwa sai da ya sa mata kuka.

Na san gidaje sun bambanta kan maganar kiɗa. Akwai inda ba a yarda da shi ba sam, waƙe zalla ake yi. Wannan tsakaninku ne da maigida da malamanku, ba shi ya kawo ni ba. Abin da zan faɗa ya shafi har yarinyar da ke rubuta waƙen Islamiyya ba ko tafi a ciki.

Watanni tara da suka wuce muka saya masa waya, saboda shirin jarrabawa. Kwanan baya ina share ɗakinsu sai littafin nan ya faɗo daga ƙarƙashin katifa. Allah ya gafarta mini, na buɗe. Yaron yana da al'adar sa kwanan wata a kan kowace waƙa, saboda haka lissafin bai yi wuya ba. A shekarar da ta gabaci wayar, waƙa 14 ya kammala, daga buɗewa har rufewa. Tun zuwan wayar kuwa ya fara 31, ya gama ɗaya tal. Sauran duk amshi ne da rabin baiti, sai farar takarda.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a idona bai taɓa duƙufa kan waƙa kamar yanzu ba. Kullum abin sauraro na kunnensa. Maganarsa waƙa, hirarsa da abokai waƙa, dare ya raba kina jin motsinsa. To ina waƙar take?

Ban yi masa faɗa ba. Na bari sai da ya ci ya ƙoshi, na ce ya nuna mini inda yake yini a cikin wayar nan. Guruf biyar ya nuna mini, duk na mawaƙa masu tasowa. Ɗaya daga ciki mutum sama da 600 ne, daga Zariya da Kano da Jos har Maraɗi. Da safen nan kaɗai saƙon da bai karanta ba ya haura 800. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa. Musu ne kan wane makirufo ya fi, wane ne ya sace kiɗan wane, wane mawaƙi ya fi wane murya. Tsakanin musun kuma sai wani ya jefo saƙon murya na daƙiƙa ashirin, amshin sabuwar waƙarsa, nan take a rufe shi da yabo: sai kai, Allah ya ƙara basira, ga hotunan wuta jere.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Ki ɗauka kin yanka atamfa za ki ɗinka riga, kin haɗa hannu ɗaya kawai, sai kika leƙa da shi maƙwabta. Kowa ta ce kai, wannan ɗinki ya yi, ke ce gwanar unguwa. Kin dawo gida zuciyarki fari ƙal. To me zai zaunar da ke kan keke ki yi ta fama da wuya da kalmasa? Daɗin da ake samu in an gama aiki kin riga kin karɓe shi tun aikin na ɗanye. Gobe sai ki yanka wata atamfar. Haka ɗana ya yi sau talatin. Amshi shi ne ɓangare mai daɗi da sauƙi, yana zuwa ko a kan hanyar makaranta. Baiti na huɗu da na biyar, inda kalma ke ƙin zama, inda amsa-amo ke gardama, nan ne ake zufa, nan ne kuma ba mai tafa maka.

Sai kuma gajeren bidiyo ya zo ya ƙara wa abin ƙarfi. Kin tuna 2020, lokacin kullen korona, yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe wayoyi, matan aure suna taka rawa gaban mazajensu ana ta cece-kuce? Ɗan guntu ne ya yi ta yawo. Amma waƙar cikakkiya ce, mai ita kuma ya daɗe yana sana'ar kafin ranar. Yaranmu guntun suka gani, sai suka ɗauka guntun shi ne aikin. Yanzu da yawansu ba waƙa suke rubutawa ba, abin da zai cika rabin minti a TikTok suke nema. Masu hangen kuɗin YouTube kuwa sun ji cewa kafin a fara raba kuɗin talla da mutum ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Shi ke nan sai lokacin rubutu ya koma lokacin roƙo, bi ni in bi ka, yaro yana tara masu sauraro alhali bai da abin da zai rera musu.

Akwai wata cutar kuma da ba ta fito fili, sai da na matsa ya faɗa. Kullum yana jin waƙoƙin da aka gyara a situdiyo, murya sumul kamar an goge ta da man shanu. In ya saurari tasa da ya ɗauka a ɗaki, ga kukan zakara ga ƙarar injin markaɗe, sai ya ji kunya. Daga nan sai “sai na samu makirufo”, “sai na samu kwamfuta”. Na ce masa, kai ɗan Zazzau ne fa. Dokta Aliyu Namangi a garin nan ya rayu, makaho ne, ya tsara Imfiraji, waƙoƙi masu tsawon da har yau almajirai da tsofaffi ke rerawa da ka, shekaru bayan rasuwarsa a 1990. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Barmani Choge ƙwarya ce kayan aikinta, irin wadda ke kife a madafina. Ya yi dariya ya ce zamani ya canza. Na ce haka ne, amma ko a zamanin nan ba a shiga situdiyo da rabin baiti.

Kada ki ce na zo ne in kushe zaurukan nan gaba ɗaya. Wallahi ya ƙaru da su, kuma sai da na ji kunyar yadda na raina abin da farko. A ɗaya daga ciki akwai wani dattijo, malamin Hausa ne, da ba ya yabo sai ya gyara. Shi ya nuna wa ɗana cewa ɗangayensa ba su daidaita a kari ba, wani ya yi tsawo wani ya gutsure, shi ya sa numfashi ke yanke masa in yana rerawa. Shekara huɗu yana waƙa a gabana ban iya gaya masa haka ba. A can ya koyi amfani da manhajar BandLab, wadda ake ɗora murya kan kiɗa da ita a waya ba tare da an biya ba. A can aka koya masa ya lulluɓa da bargo in zai ɗauki murya don ya kashe amon ɗaki. Waƙa ɗayar nan da ya gama ma, shi da wani yaro ne daga Maraɗi, wancan ya aiko kiɗa shi ya ɗora baitoci, ba su taɓa ganin juna ba.

Dama can mawaƙa ba su taɓa zama su kaɗai ba. Shata yana da 'yan amshinsa da makaɗan kalangu. Marubuta waƙa suna da ƙungiyoyinsu: a Kano akwai Hikima Kulob ta su Mudi Sipikin da ta yi tashe a shekarun 1970, ana haɗuwa ana karanta waƙa, har a kai ta rediyo. Mata ma ba a bar su a baya ba, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu kamfanin NNPC na nan Zariya ya buga su a littafin Alƙalami a Hannun Mata. Bambancin da na gani shi ne, taron da yana da lokacin zama da lokacin tashi. In an watse kowa ya koma gida, shi da takardarsa da fitilarsa, kuma ba za ka je gaban manya ko gidan rediyo da amshi tsirara ba. Zauren waya ba ya tashi. Ƙarfe biyun dare in ka leƙa za ka tarar ana musu.

Kafin in faɗa miki yadda muka yi, ga wasu abubuwa da ya kamata ki sa wa ido, don sun wuce maganar rashin gama waƙa. Na farko kuɗi. Ɗana ya amsa mini cewa ya tara naira 15,000 daga kuɗin tara da na Sallah ya tura wa wani da ya yi alkawarin “tallata” shi. Daga ranar lambar ta daina shiga. Ga kuɗin data, wanda kin san tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025 ba a sake jin daɗinsa ba, saƙon murya da bidiyo kuwa shan data suke kamar rairayi da ruwa. Sai maganar sata: wanda ya jefa amshinsa gaban mutum 600 bai san wa zai ɗauka ba. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai waƙa haƙƙinsa da zarar ya rubuta ko ya naɗe ta, ba sai ya yi rajista ba, amma ranar gardama hujja ake nema. Saboda haka littafin nan mai kwanan wata ba abin yarwa ba ne.

Ki kuma ja masa kunne kan zambo da habaici, don a zaurukan nan ana zuga yara su taɓa manya wai don suna ya fita. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara, kan bidiyon da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin. In kuwa 'ya mace ce taki, to ki san duk ranar da ta saki murya a guruf, sai wani ya biyo ta ta gefe da “zan kai ki situdiyo”. Ki zama ke ce ta farko da za ta nuna wa irin wannan saƙon, abin da ba zai yiwu ba in ta san ƙwace wayar za ki yi.

Mu dai ga yadda muka daidaita, ban ce dole ya yi wa kowa ba. Ban hana shi ba, don na san hani ɓoyewa yake haifarwa. Na ce ya zaɓi guruf biyu ya fita daga uku. Ya zaɓi na dattijon nan da wani ƙarami na mutum goma sha. Asabar da Lahadi daga la'asar zuwa magariba wayar tana ɗakina, shi kuma yana tare da littafinsa da fiyanonsa. In an kawo wuta da dare, ɗaukar murya ce farko kafin hira. Sharaɗin da ya fi yi masa ciwo kuwa shi ne, ba zai tura wa kowa ko ɗango ɗaya ba sai waƙar ta kai ƙarshe. Makon farko kamar an yi masa mutuwa. Ya ce ai za a manta da shi. Na ce wa ya san ka balle ya manta?

Yau mako shida ke nan. Ya gama waƙa biyu, ɗaya daga cikin tsofaffin talatin ɗin ce ya koma ya ƙarasa. Mako ɗaya ya yi mini wayo, ya ba ni wayar ƙaninsa da ta lalace a cikin rigar tasa, sai da magariba na lura. Dattijon ya mayar masa da ta biyun da gyara har wuri bakwai, ya yini yana kumbure-kumbure, washegari ya zauna ya gyara shida, ya ce na bakwai shi ke da gaskiya. Na ji daɗin wannan gardamar fiye da waƙar kanta. Mun kuma yi da shi cewa wata guda kafin jarrabawar WAEC littafin da fiyanon duka za su dawo ɗakina, har sai ya ajiye alƙalami a takarda ta ƙarshe. Bai amsa ba tukuna, ya ce zai yi shawara.

Ranar Lahadin da ta wuce da ya zo miƙa mini wayar, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kan kekena. Ya ce, “Umma, guruf nawa kike ciki na ɗinki?” Na ce huɗu. Ya nuna leshin da na yanka tun kafin Babbar Sallah, yana nan ninke, hannu ɗaya a haɗe. Ya ce to in kawo tawa wayar ita ma a ajiye. Yanzu haka wayoyi biyu ke kwana a cikin kwabata daga la'asar zuwa magariba, leshin kuma saura wuya.