Yaro mai amosanin jini da wankan tabki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan damana ta sauka tabkuna sukan cika, tun daga Madarunfa har Tabalak da Gidimuni. Yara sukan ruga wanka. A ganinmu, yaron da ke da amosanin jini, wato sikila, bai kamata ya shiga tabki ba.

Ciwon nan gado ne daga uwa da uba, ba maita ba ce. Ƙwayoyin jinin yaron sukan lanƙwashe kamar lauje. Ruwan sanyi yana tsuke hanyoyin jini, sai ƙwayoyin su toshe su. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ya taso. Kuma yaron yakan gaji da wuri, yana iya nutsewa.

Dalili na biyu shi ne tsagiya. Tsutsarta tana fitowa daga katantanwar tabki, ta huda fata. Yaro ya riƙa fitsarin jini, alhali dama jininsa bai ishe shi ba.

Wasu iyaye sukan ce hana shi bin tsaransa rashin tausayi ne. To, amma wanne ya fi: kukan yini ɗaya ko jinyar mako guda?

Mu ɗumama masa ruwan rijiya a gida, mu goge masa jiki, mu sa masa riga. Ya riƙa shan ruwa da yawa. Mu faɗa wa yayyensa dalili, don su kula da shi. In mun ga zazzaɓi, ko jini a fitsari, ko wahalar numfashi, mu kai shi gidan likita a ranar.

Rigakafi ya fi magani.