Abincin Yau Ba Ya Ƙosar Da Gobe

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a cikin Jos, na koya wa 'yan aji biyar labarin Daniyel. Da na gama, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai sau nawa ka ke addu'a a rana?" Na yi shiru, kunya ta rufe ni. Gama na ci jarrabawar Littafi Mai Tsarki da kyau, amma rabona da in durƙusa ni kaɗai ya fi wata guda.

Tun daga ran nan na ke ta tunani. Ra'ayina shi ne, sanin labarin Allah dabam, sanin Allah kansa dabam. Na fari a aji a kan same shi. Na biyu kuwa sai ta wurin zama da shi kowace rana. Ai ko tsakanin mutane haka ya ke. Wanda ku ke gaisawa ran Lahadi kaɗai, ka san fuskarsa, amma ba ka san halinsa ba.

Mu duba Littafin Fitowa sura 16. Isra'ilawa su kan fita kowace safiya su tattara manna na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe, suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Haka wa'azin Lahadi ya ke idan muka ce shi zai riƙe mu har mako. Ubangiji Yesu ma, Markus ya gaya mana, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa don addu'a. In shi ya bukaci wannan, balle mu?

Wani zai ce, "Ai muna sujada tare kowace safiya." Gaskiya ne, abu ne mai kyau kuwa. Amma ƙararrawa ce ta ke kai mu can. Ran da aka ba mu takardar shaida aka tura mu ƙauye, wa zai buga mana ƙararrawa? Wani kuma ya ce ba shi da lokaci. Kakanninmu fa? An buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932, bayan wahalar Likita Miller da abokan aikinsa shekaru da yawa. Mishan ta S.U.M. ta buɗe makarantar Gindiri a 1934, masu bishara da suka fito daga can kuwa da yawansu manoma ne. Da rana suna riƙe da fartanya, da dare su karanta a gaban fitilar kwano. Mu da ke da littafin har cikin wayar hannu, wace hujja ke gare mu?

Ku dubi masu wankin kuza a wajen Bukuru. Ba a samun kuza da kwano ɗaya na yashi. Sai an yi ta wankewa, ƙasa ta tafi, mai nauyin ya zauna a ƙarƙashi. Fahimtar Maganar Allah haka ta ke taruwa.

Ni dai yanzu na kan tashi da minti goma sha biyar kafin sauran, in karanta ayoyi kaɗan cikin Markus, in yi addu'a domin yaran ajina da sunansu. Wata rana na kan makara, ban ɓoye muku ba. Amma ya ku 'yan'uwana malaman gobe, yara za su tambaye ku abin da aka tambaye ni. Allah ya sa ku sami amsa.