RA'AYINMU: Haƙƙin Tsoho da Mai Jinyarsa Ba Ya Faɗuwa Don Sun Kama Sana'a

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakunanmu a nan birnin Sakkwato duk lokacin da aka zauna rubuta sunayen mabuƙata, ko don rabon zakka, ko hatsin azumi, ko wani tallafi. Da an ambaci gidan wani dattijo sai ka ji an ce, "Ai wannan yana karɓar fansho," ko kuma, "Ai matarsa tana sana'a," daga nan sai a soke sunansa a wuce gaba. Wannan magana, duk da kama da adalci da take yi, ta saɓa wa fiƙihun da muke karantarwa, kuma ta jefa gidaje masu yawa cikin wani ƙunci da ba wanda ya san da shi sai Allah.

Mu ɗauki misalin da kowa ya san irinsa a unguwarsa. Malamin makaranta ne ya yi wa jama'a hidima shekara 35, ya ajiye aiki, yana jiran garatuti, sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba shi da mai ɗaga shi, ba shi da mai yi masa alwala da wanka da wankin shimfiɗa sai uwargidansa, wadda ita ma ta haura sittin, gwiwa ta fara gazawa. A da tana yin ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula a cikin gida tana rufa wa kanta asiri. Yanzu jinya ta cinye mata yini da dare. Idan ta koma sana'a sosai, maigida ya tozarta. Idan ta zauna jinya, tukunya ta huce. In kuwa ta raba ƙafa, ta ɗan taɓa sana'ar a tsakanin Azahar da La'asar, sai wannan ɗan abin da ta samu ya zama hujjar da za a kafa a hana su taimako. Ashe ke nan mun mayar da neman halaliya laifi, mun kuma nuna wa mutane cewa wanda ya naɗe hannu, ko ya fita bara ƙofar masallaci, shi ne mai rabo.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A ƙasar Ingila gwamnati tana biyan alawus ga wanda yake jinyar naƙasasshe na aƙalla awa 35 a mako. A shekarar 2024 kuɗin fam 81.90 ne a mako, amma da sharaɗin kada abin da mai jinyar yake samu ta hanyar aiki ya haura fam 151 a mako. Idan ya haura ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin wannan mako ya faɗi ɗungurungum. Ta haka aka wayi gari ana bin dubban masu jinya bashin kuɗin da aka ce an biya su bisa kuskure, har surutu ya yi yawa, aka ɗaga iyakar zuwa fam 196 a watan Afrilun 2025. Haka kuma tsohuwar da fanshonta na gwamnati ya kai adadin alawus ɗin, ba a haɗa mata biyun. Su dai sun yarda cewa jinya aiki ce da ta cancanci lada, sai suka yi tuntuɓe a wajen ma'auni. Mu kuwa ko yardar ba mu kai gare ta ba, alhali addininmu ya riga kowa bayani a kan duka biyun.

Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana faƙiri da cewa shi ne wanda abin da ya mallaka ba zai ishe shi shekararsa ba, ba wai sai wanda ba shi da komai ba. Don haka mai sana'ar da ba ta ɗauke masa buƙata ya halatta a cika masa daga zakka. Wanda ya karanta Suratul Kahfi, aya ta 79, zai ga cewa mutanen jirgin nan da ke cikin ƙissar Annabi Musa (A.S.) da Haliru an kira su miskinai, alhali suna da jirgi kuma suna aiki da shi a teku. Ma'aunin shari'a shi ne isuwa: shin abin da ke shigowa gidan yana ɗaukar ci da sutura da mazauni da magani? Fanshon da ba ya sayen maganin hawan jini na wata guda bai fitar da mai shi daga sahun mabuƙata ba.

Shugabannin farko sun yi aiki da wannan fahimta. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya tarar da wani tsoho makaho Bayahude yana bara, sai ya ɗauke masa jiziya, ya sa aka yanka masa abin da zai rayu da shi daga baitulmali, bisa hujjar cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi a tsufansa. Malaman tarihi, cikinsu har da Ɗabari, sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi ya hana su bara, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima. A lura da kyau: baitulmali bai tsaya ga majinyaci kaɗai ba, har mai kula da shi ya ɗauka. A nan gida kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya sanya raya sana'o'i da kula da masu yin su cikin wajiban shugaba. A wurin magabatanmu taimako da sana'a tare suke tafiya, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Ba ma musun cewa an taɓa yin abin kirki a wannan jiha. A zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya hau mulki a 2007, aka fara ba naƙasassu alawus na Naira 6,500 kowane wata domin rage bara. A lokacin, wannan kuɗi ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato Naira 5,500. Amma mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka farashin abinci da magani da kuɗin mota. Naira 6,500 idan aka auna ta da albashin 2024 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Darasin da ke nan shi ne, duk alawus ɗin da ba a ɗaure shi da wani ma'auni mai tafiya da zamani ba, tsadar rayuwa za ta cinye shi. Haka zancen yake ga fansho, shi ya sa tsarin mulkin 1999, a sashe na 210, ya wajabta sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa a cikinsu.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da abu uku. Na farko, a cika wannan sharaɗi na tsarin mulki, a biya garatuti a kan kari, kuma tsohon da ke kwance a je a tantance shi a gidansa maimakon a ɗauko shi a Keke Napep a ajiye a layi. Na biyu, a sanya mai jinya cikin lissafi: Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da sauran masu rabon tallafi su ware wani kaso domin matan da jinyar mazajensu ta raba su da sana'a, da mazan da ke jinyar matansu, kuma kada ɗan abin da suke samu ya soke su, a duba gibin da ya rage a cike. Na uku, a yi aiki da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wanda ya iya aiki a ba shi aiki. Manzon Allah (S.A.W.) ya sha wakilta Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.) a kan Madina idan zai fita, alhali makaho ne.

Sai dai kada 'ya'ya su fake da gwamnati. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, namiji ko mace, kuma a Mukhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa wannan wajibi ya haɗa har da mai yi musu hidima. Wanda yake da albashi a Abuja ko shago a Legas, ya bar mahaifiyarsa tana ɗaga mahaifinsa ita kaɗai, ya sani bashi ne a wuyansa, kuma ba ya halatta ya biya shi da zakkarsa, domin ba a ba da zakka ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka. Idan ba zai iya zama ba, ya ɗauki wanda zai kama mata ya biya shi.

Ga iyayenmu masu jinya kuma muna yi musu bushara da ƙissar Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.), wadda take ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Kada su bar sana'a don tsoron a cire su daga jerin suna, kada kuma su ɓoye gaskiya don a sanya su, domin abin da aka karɓa da ƙarya ba ya albarka.

A ƙarshe, gyara daga gida yake farawa. Muna umartar rassanmu da kwamitocin masallatanmu, tun daga wannan wata, su bi gida-gida ta hannun 'yan agaji da malamai mata, su rubuta tsofaffin da ke kwance da waɗanda ke jinyarsu, su tambayi abin da ke shigowa da abin da ke fita, a kuma shirya 'yan'uwa mata da za su riƙa karɓar mai jinya na 'yan sa'o'i a mako don ta huta ko ta taɓa sana'arta. Masu kunyar roƙo ba za su zo su same mu ba, mu ne za mu je mu same su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau.