Sun Kai Taurari, Sun Kasa Wuce Zato

Babu nau'in labarin da ya kai almarar kimiyya tinƙaho da faɗin tunani. Marubutanta sun ƙago jiragen da suka fi haske gudu, da ƙofofin da mutum zai shiga ya ɓulla a wata duniya, da halittu masu koren jini. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya gagari mafi yawansu, wato su haɗa mace da namiji a tawagar aiki ɗaya, su shekara bakwai suna fuskantar mutuwa tare, sannan su tashi suna abokan aiki kamar yadda suka fara. Da zarar an ga mace a cikin kumbo, sai alƙalami ya fara laluben wanda za a ba ta. Ina ganin wannan lalaci ne na tunani, kuma lalacin yana da illar da take iso mu har gida.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Garu da shirin talabijin da aka yi a Amurka? Da ruwanmu ƙwarai. A Illela babu matashin da bai san shagon da ake cajin waya ana tura fina-finai ba. Da ɗan kuɗi kaɗan za a cika maka waya da shiri mai dogon zango, wasu da Turanci, wasu da muryar Faransanci kamar yadda 'yan'uwanmu na Birnin Ƙonni suke kallonsu. Abin da ido ya yawaita gani, zuciya takan ɗauke shi a matsayin yadda duniya take.

Mu fara da The X-Files, wanda aka soma nunawa a 1993. Jami'an hukumar FBI biyu ne, Fox Mulder da Dana Scully, suke binciken al'amuran da suka gagari hankali. Abin da ya sa shirin ya yi fice shi ne an juya tsohon zato: namijin ne mai saurin gaskata abin da bai gani ba, macen kuwa likita ce da ba ta yarda da magana sai da hujja. Wanda ya ƙirƙiro shirin, Chris Carter, ya sha faɗa a shekarun farko cewa ba masoya ba ne. Duk da haka, kafin 1999 ta ƙare an nuna su suna sumbatar juna, a 2001 kuma Scully ta haihu, sai labarin likitar da ke fede gawa don gano gaskiya ya koma labarin uwa mai fargabar abin da zai sami ɗanta.

Haka aka yi a Stargate SG-1, wanda ya gudana daga 1997 zuwa 2007. Tawagar mutum huɗu ce, mace ɗaya tak a ciki, Samantha Carter, hafsar sojan sama kuma masaniyar kimiyyar taurari. Kusan duk lokacin da na'ura ta lalace ko duniya ta doshi halaka, ita ce mai warware matsalar. A zango na huɗu har tauraro sukutum ta tarwatsa don ta hallaka rundunar abokan gaba. To amma a cikin wannan zangon ne marubuta suka zaunar da ita da shugabanta, Kanar Jack O'Neill, gaban wata na'ura mai gano ƙarya, suka tilasta musu amsa cewa akwai wani abu a zukatansu, alhali dokar soja ta hana irin wannan tsakanin babba da na ƙasa da shi. O'Neill yana da wasu abokan tafiya biyu maza, Daniel Jackson da Teal'c, ya kuma sha sayar da ransa dominsu. Babu wanda ya nemi na'ura ta bayyana dalili. An ɗauka cewa namiji yana iya mutuwa saboda namiji don amana, amma in ya yi haka saboda mace, to akwai lauje cikin naɗi.

Star Trek ma bai tsira ba. Tun 1966 ya nuna wa duniya Uhura, baƙar mace mai kula da sadarwar jirgi, wadda aka samo sunanta daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci. Da Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayinta, ta yi niyyar barin shirin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna, domin ya san darajar yara su ga baƙar mace a bakin aikinta. Da aka sake fim ɗin a 2009, sabon abin da aka ƙara wa Uhura shi ne ta zama masoyiyar Spock. A reshen shirin mai suna Voyager kuma, ana dab da rufewa a 2001, sai aka haɗa Seven of Nine da mataimakin kyaftin, Chakotay, ba tare da wani shiri na kirki ba, kamar dai marubutan sun ji kunyar a tashi a bar mace ba mai ita.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce so halitta ne, mutane suna haɗuwa a wurin aiki su yi aure, kuma labarin da babu soyayya ba ya kasuwa. Ban musa na farko da na biyu ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da abin da yake iya faruwa ya zama abin da dole ya faru. Sannan a duba wanda yake biyan kuɗin wannan dole. Bayan an shigo da soyayya, namiji yana nan a matsayinsa na kwamanda, ita kuwa sai masu kallo su bar tambayar me za ta gano, su koma tambayar yaushe za ta amince. Batun kasuwa kuwa, Doctor Who na Ingila ya ƙaryata shi a 2008, lokacin da Donna Noble ta yi zango guda tana yawon duniyoyi tare da Dakta bisa sharaɗin abota zalla, kuma wannan zango yana cikin waɗanda suka fi samun masu kallo. Haka nan abin da 'yan mata suka ɗauka daga waɗannan shirye-shirye aikin ne. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita. Wani bincike da cibiyar Geena Davis ta fitar a 2018 ya nuna mata da yawa masu aikin kimiyya suna ambaton Scully a matsayin abar koyinsu.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Marubucin Hollywood da mai zaman majalisa a bakin titin Illela suna ganin kansu a matsayin kishiyoyin juna, amma a kan tushe ɗaya suke tsaye. Dukansu sun yarda cewa mace da namiji ba za su haɗu a kan aiki ba sai da wata manufa. Bambancinsu kawai shi ne na farko yana tafi, na biyu yana tsaki. A jami'ar da na yi karatu an raba mu rukuni-rukuni don aikin ɗakin gwaje-gwaje. A namu akwai wata ɗaliba da ta fi mu duka iya lissafi. Mako uku ana ganinta da shugaban rukunin suna duba sakamako a bainar jama'a, sai magana ta tashi, ta bi mota har garinsu. Ta nemi a sauya mata rukuni, daga nan ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba. Shi kuwa babu abin da ya same shi sai ma kirari da abokai suka riƙa yi masa.

Mu tuna da abin da muka samu a inda aka ture wannan zato gefe. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta asali. A ƙasar Hausa, mata ne suka riƙa shiga gidajen da aka hana maza shiga suna ɗiga wa yara magani, suna aiki tare da direbobi da masu sa ido da masu unguwanni, waɗanda da yawansu maza ne. Da kowane uba ya saurari majalisa ya hana 'yarsa fita, da har yau muna ƙirga guragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani kuma zai ce addini da al'ada sun shata iyaka tsakanin maza da mata. Gaskiya ne, kuma ban nemi a rushe ta ba. Sai dai kiyaye iyaka aikin masu aikin ne, bai kuwa ba ɗan kallo izinin ƙaga abin da bai gani ba. Addinin da ya hana keɓancewa shi ne ya yi gargaɗi game da yawan zato a Suratul Hujurat, Bahaushe ma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Harshenmu yana da abokin aiki, da abokin tafiya, da abokin shawara, da amini. Duk waɗannan alaƙoƙi ne masu cin gashin kansu, ba matakala ba ce ta hawa zuwa zance.

Kirana ga marubutanmu ne, musamman matasa irina. Almarar kimiyya ba baƙuwa ba ce a Hausa, domin tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma a talabijin har yanzu filin nan fayau yake, kuma tsoron da nake ji shi ne ranar da Kannywood za ta shige shi, za ta shiga ne da tsohon kayan da ta aro daga fina-finan Indiya, wato samari biyu da budurwa ɗaya, a sauya musu lambu da kumbo. Muna da labaran da suka fi wannan. A rubuta mana tawagar injiniyoyi a shekarar 2080 suna ƙoƙarin ceto madatsar ruwa ta Goronyo daga yashi, ko masana daga Illela da Ƙonni suna tare hamada da na'urorin da suka ƙera da hannunsu. A sa mace ta shugabance su, ta yi gardama da mataimakinta a kan lissafi, ya cece ta yau, ta cece shi gobe. Idan zango ya ƙare, kowa ya koma gidansa wurin iyalinsa, su haɗu da safe a bakin aiki. Yarinyar da ta kalli wannan a wayar yayanta a Garu za ta san cewa akwai irin wannan rayuwa, shi ma yayan zai sani.